Ra'ayi: Kafin a ɗora wa laka laifin katangar da ta faɗi

Ranar Juma'a 30 ga watan Agustan 2024, ruwan sama ya sauka a birnin Maradi kamar da bakin ƙwarya. Cikin sa'a ɗaya da rabi aka auna milimita 150, hukumomin jihar kuma suka ce mutum 15 sun rasu. Kwana huɗu bayan haka, ranar 3 ga Satumba, tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda aka gina da ƙasa tun tsakiyar ƙarni na 19, ya zube, hotunan faɗuwarsa suka yi ta yawo a wayoyin jama'a. Da aka rufe lissafin daminar, kusan mutum 400 ne suka rasa rayukansu a faɗin Nijar, sama da miliyan ɗaya da rabi suka tagayyara, har sai da gwamnati ta ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba saboda azuzuwa sun cika da waɗanda suka rasa muhalli.

Akwai wani abu cikin waɗannan alƙaluma da ba a cika tsayawa a kansa ba. Waɗanda gini ya faɗa wa sun fi waɗanda ruwa ya ci yawa. Wato abin da ya fi kashe mutane a shekarar ambaliya shi ne bangon da suka gina da hannunsu don ya kare su.

Duk lokacin da haka ta faru, magana ɗaya ce ake ji a majalisu da gidajen rediyo: laka ce, a daina gini da laka, a koma siminti. Magana ce mai sauƙin faɗi, ta kuma fi daɗi a bakin wanda ya riga ya gama ginin gidansa. Idan aka bari ta zama doka yadda take, talaka ne zai biya kuɗinta, mace-macen kuma ba za su tsaya ba. Biranen Nijar na buƙatar ƙa'ida a kan katangar gida, wannan ba abin musu ba ne. Abin da ya kamata a yi gardama a kansa tun yanzu, da rani, lokacin da magina ke kan aiki, shi ne abin da ƙa'idar za ta ce da kuma wanda zai rubuta ta.

Cikin dukan bangwayen gida, katanga ce ta fi rauni. Bangon ɗaki yana da rufi da ke kare kansa daga ruwa, yana da ƴan'uwa uku da ke riƙe shi ta kusurwa. Katanga kuwa ita kaɗai take tsaye, mita ashirin ko talatin a miƙe, ruwa na dukanta ta sama, iska na turinta ta gefe, ruwan titi na cin ƙafarta. Kuma ita ce aka fi raina wa kuɗi. Mai gida zai sayi ƙarfe ya zuba wa ɗaki, ya kira magini mai suna, in an zo kan katanga sai a ba yaran magini da ragowar yashi. Ga shi kuma a gindinta rayuwa take. Nan ake shimfiɗa tabarma a kwana lokacin zafi, nan yara ke wasa a inuwa, nan mai ƙosai ke kafa kasko, nan almajiri ke fakewa idan hadari ya taso.

Ga Bahaushe katanga ta wuce shinge. Sutura ce, domin gidan da ake hango tsakar gidansa daga titi bai cika gida ba. Shaida ce kuma. Wanda ya sayi fili a sabon lotisma a gefen Yamai ko Maradi ko Tawa, abu na farko da yake yi, tun kafin ya haƙa harsashin ɗaki, shi ne ya kewaye. Ya san labarin filin da aka sayar wa mutum biyu ko uku, ya san takardar mallaka a aljihu ba ta hana wani ya wayi gari ya zuba tubali a wurin. Saboda haka ake gina dubban katangu cikin gaggawa, da kuɗi kaɗan, domin a nuna wa duniya cewa filin na da mai shi. Su ne kuma suke zama katangar gidan har shekara ashirin.

Ba a ce babu doka ba. Nijar na da dokar tsara birane ta 2017, tana da dokar gini da muhalli ta 2018, kuma a ƙa'ida mai son gini a birni sai ya nemi izini daga ma'aikatar magajin gari. Amma duk wanda ya taɓa zagaya sabbin unguwanni ya san tazarar da ke tsakanin takarda da ƙasa. Izinin gini abu ne na mai bene da mai neman bashin banki. Sauran jama'a suna gini ne yadda aljihu ya ba su dama, katanga kuwa ba ma a lissafa ta cikin gini. Babu wanda ke zuwa ya duba zurfin harsashinta, babu wanda ke tambayar ina ruwan unguwar zai bi idan an gama ta. Ana tunawa da hukuma ne ranar da katafila ta zo. Mutanen Yamai ba su manta da 2016 ba, lokacin da aka rushe shaguna da rumfunan da ke bakin tituna. Dokar da ba ta zuwa ranar aza tubali, sai ranar rusau, jama'a na kallonta a matsayin azaba.

To me ke kayar da katangar laka? Kowane tsohon magini zai ba da amsa ba tare da ya buɗe littafi ba: ƙafa da kai. Idan aka aza tubali kai tsaye a kan ƙasa, babu dutse ko wani abu mai hana jiƙa a ƙasansa, ruwan da ya kwanta a gindi sai ya dinga hawa cikin bangon kamar yadda mai ke hawa lagwani. Ƙasan ya yi laushi, saman yana nan da nauyinsa, sai iska kaɗan ta ƙarasa aikin. Idan kuma kan katangar a buɗe yake, ba a yi masa hula mai zubar da ruwa ba, ruwa zai shiga ta tsaguwa ya raba ta biyu. Magabata sun san wannan. Shi ya sa suke gina ƙasan bango da kauri ya dinga sirancewa zuwa sama, suke cuɗa ƙasa da ciyawa su bar ta ta ruɓa kafin a yi aiki da ita, suke shafe da makuba da ake samu daga kwasfar ɗorawa, kuma duk shekara kafin ruwa ya sauka a fito a yi yaɓe. Yaɓen nan shi ne rayuwar ginin ƙasa. Yau a birni ya zama abin da ake yi in an ga dama. Matasan gidan sun tafi cirani, ramukan da ake ɗibar ƙasa sun zama filayen sayarwa, amalanken ƙasa da jarkar ruwa duk sai da kuɗi.

Sai kuma wata ɗabi'a da ta yaɗu wadda ake ɗauka gyara ce: shafe bangon laka da siminti. Daga waje ya yi kyau, mai gida ya huta da yaɓe. Amma siminti da laka ba sa zama lafiya. Laka na shan laima tana fitar da ita, siminti kuwa sai ya toshe mata numfashi. Ruwan da ya samu shiga ta tsaguwa ba ya samun fita, bangon ya dinga ruɓewa a ɓoye bayan shafen, har ranar da ɓawon zai ɓalle gaba ɗaya. Da yawa daga katangun da ake cewa sun faɗi ba zato, sun daɗe da mutuwa a ciki.

Ita ma katangar siminti tana faɗuwa, kuma idan ta faɗi ba ta da sauƙi. Masu buga bulo a bakin titi sun san yadda ake jan buhun siminti mai kilo 50 ya haifi bulo fiye da ƙima, irin wanda ake murƙushe gefensa da yatsa. A jera irin wannan bulo har mita biyu da rabi, babu ginshiƙan ƙarfe a tsakani, babu ɗamarar kankare a sama, sannan a kira shi ginin zamani. Wani lokacin ma ingancin ne ke jawo masifa. Katangar siminti da aka gitta a kan hanyar ruwa, ba a bar mata ko ƙofar wucewar ruwa ba, madatsa ce. Ko dai ta tara ruwan har ya fi ƙarfinta ta fashe a lokaci guda, ko kuma ta tsaya da ƙafarta ta juya shi gidan maƙwabci. Maƙwabcin nan kuwa sau da yawa shi ne mai katangar laka. Gobe a rubuta a rahoto cewa gidan laka ya rushe, ba a ambaci wanda ya aiko masa da ruwan ba.

Haka abin yake idan aka yi sabon titi aka ɗaga shi sama da daɓen gidaje ba tare da magudana ba, ko aka yanka filaye a cikin fadama da tsohon tafki da bakin ƙorama. Mutanen Lamorde da Kirkisoy da Saga sun ga haka a 2020, lokacin da kogin Isa ya kai tsayin da ba a taɓa aunawa ba a Yamai. A irin waɗannan wurare ko da me aka yi katanga, ruwa zai karɓi hanyarsa. Laifin na wanda ya sa hannu a takardar lotisma ne.

Takardun gwamnati na da wata kalma da suke kiran siminti da ƙarfe da ita: kayan gini na dindindin. Ma'anarta ita ce laka abin wucin gadi ce. Hasumiyar babban masallacin Agadas, mai tsayin mita 27, da ƙasa aka yi ta, asalinta kuma tun ƙarni na 16. Masallacin Yama a jihar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya fara a 1962, ya ci lambar yabo ta Aga Khan ta fasahar gini a 1986. A Dandaji, cikin jihar Tawa ɗin dai, Mariam Issoufou da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun gina sabon masallaci da tubalin ƙasa da aka matse da inji, suka mayar da tsohon ya zama ɗakin karatu, aikin da aka kammala a 2018. A Yamai ma akwai gidajen da aka yi da irin wannan tubali. Ƙasar da ke da irin waɗannan gine-gine bai kamata ta rubuta a dokarta cewa ƙasa ba kayan gini ba ce.

Ga kuma maganar aljihu. A watan Oktoban 2024 gwamnati ta rage farashin siminti da kimanin kashi 35 cikin ɗari domin waɗanda suka yi asara su samu sake gini. Mataki ne mai kyau, ya kuma taimaki waɗanda ke da abin sayen. Amma kewaye fili mai murabba'in mita 400 na nufin katanga mai tsawon mita 80. Bulo, yashi, tsakuwa, ƙarfe, ruwa, ladan magini: ko da siminti ya yi araha, wannan lissafi ya fi ƙarfin mai tura baro da mai sayar da itace da malamin kwantiragi. Dokar da ta ce siminti ko babu, ga irin waɗannan mutane ma'anarta ɗaya ce: su zauna babu katanga, ko su zauna a matsayin masu laifi suna jiran ranar da wani ma'aikaci zai zo neman na goro.

Akwai ƙasar da ta yi nisa wajen tsara wa mutane abin da za su kewaye gida da shi, kuma abin da ya same ta ya cancanci a sani. A Amurka hukumomi biyu ne ke da baki a kan shingen gida. Ta farko ita ce hukumar gari, wadda a garuruwa da yawa ke ƙayyade tsayi: abin da bai wuce mita ɗaya da ɗan kai ba a gaban gida, kusan mita biyu a baya. Ta biyu ita ce ƙungiyar masu gidaje ta unguwa. Kamfanin da ya gina unguwar ne ke rubuta sharuɗɗa tun farko, ya liƙa su a takardar kowane gida, duk wanda ya saya ya shiga ƙungiyar ko yana so ko ba ya so. Sama da mutum miliyan 70 ke zaune ƙarƙashin irin waɗannan ƙungiyoyi. Suna iya faɗin launin fenti, irin katako, tsayin shinge da fasalinsa. Wanda ya saɓa a ci shi tara, idan bashi ya taru a kansa ƙungiyar na iya kai wa ga sa a sayar da gidan. Hujjarsu ita ce idan unguwa ta zama iri ɗaya, gidaje sun fi daraja a kasuwa.

Ranar 30 ga Disamban 2021 gobarar daji ta tashi a gundumar Boulder ta jihar Kolorado, iska na gudun sama da kilomita 160 a sa'a. Cikin yini guda ta cinye gidaje fiye da 1,000 a garuruwan Superior da Louisville da kewayensu, mutum biyu suka mutu. Ɗaya daga cikin abubuwan da aka lura da su bayan wutar shi ne shingen katako. Ya haɗa gida da gida, ya haɗa unguwa da filin ciyawa, wuta ta dinga binsa har jikin bango. Gwaje-gwajen da hukumar NIST ta gwamnatin Amurka ta wallafa a 2022 sun nuna haka, musamman inda maƙwabta biyu suka kafa shingayensu baya da baya, wutar ta fi tashi da sauri. Abin takaicin shi ne a unguwanni da dama katakon nan ba zaɓin masu gida ba ne, sharaɗin ƙungiya ne. Mutumin da gidansa ya ƙone, ya zo sake gini yana son ya sa shingen ƙarfe, sai takardar unguwa ta ce katako. Sai da majalisar jihar ta shiga tsakani: a 2024 aka yi dokar da ta hana ƙungiyoyin masu gidaje haramta kayan gini masu jure wuta, har da na shinge, ta bar musu ikon tsara fasali da kamanni kawai, cikin hankali.

Ba wuta ce babbar barazanar katangar Maradi ba, ruwa ne, ko da yake garin da ya binne yara sama da 20 bayan gobarar azuzuwan zana a watan Nuwamban 2021 ba ya buƙatar a yi masa bayanin abin da kara da zana ke yi a unguwa mai cunkoso idan iskar hunturu ta taso. Darasin Kolorado a wani wuri yake. An rubuta ƙa'idar ne da sunan kaya, an ce katako, domin ido ya ji daɗi kuma farashin gida ya tashi. Ba a tambayi aikin da ake son shingen ya yi ranar masifa ba. Wanda ya ce siminti kawai a Nijar, kuskuren nan yake shirin maimaitawa da wani kayan.

Kada kuma a ɗauka ƙungiyar masu gidaje labarin nesa ne. Rukunin gidajen da kamfanoni ke ginawa a gefen Yamai suna zuwa da takardar sharuɗɗa, kuma ba laifi ba ne maƙwabta su yarda a kan tsabta da fitilu da mai gadi. Inda ya kamata a ja layi shi ne kada yarjejeniyar masu kuɗi ta hau kan lafiyar waɗanda ba su sa hannu a kanta ba. Rukunin da ya kewaye kansa da doguwar katanga mai tsawon ɗaruruwan mita ya canza hanyar ruwan unguwannin da ke ƙasa da shi, mutanen can kuwa ba a gayyace su taron ba. Wannan hurumin hukumar gari ne, bai kamata ta sallama shi ga kamfani ba.

Wuri ɗaya a Nijar da ake da hujjar kiran kaya da suna shi ne tsohon garin Agadas, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013. A can ƙa'idar ta juya: laka ake so, bulo da kwano su ne baƙi. UNESCO da kanta ta ambaci gine-ginen bulo da rufin kwano cikin abubuwan da ke ɓata fuskar garin, ta kuma ce a aiwatar da dokar izinin gini ta hanyar da za ta wayar da kan mazauna. Hujjar a fili take, domin idan kowa ya yi yadda ya so, cikin shekara ashirin babu sauran abin da za a nuna. Amma akwai tambayar da mazaunin tsohon gari ke da haƙƙin yi. Idan an ce ya riƙe bangon kakansa saboda duniya, wa zai biya yaɓen? Shi ne ke kwana a gindin bangon idan ruwan da ba a saba gani ba ya sauka a Ayar. Birnin Damagaram na cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO tun 2006, masallacinsa kuma ya faɗi bayan shekara 18 yana cikin jerin. Suna a takarda ba ya toshe tsaguwa. Duk inda hukuma ta wajabta laka saboda tarihi, wajibi ne ta kawo ƙasa da makuba da magina, ta haƙa magudana, ta kuma yarda a yi wa bango harsashin dutse a inda ido ba ya gani.

Abin mamaki shi ne ƙa'idar da ake nema ba baƙuwa ba ce a wannan ƙasa. Tana cikin littattafan da ake karantawa a zaurukan malamai daga Damagaram har Konni. Risala ta Ibn Abi Zaid ta yi magana a kan yadda ake raba gardamar bango tsakanin maƙwabta, ta kuma hana mutum ya yi abin da zai cutar da maƙwabcinsa, kamar buɗe tagar da za ta tona masa tsakar gida. A Muhtasar na Halil akwai hukuncin bangon da ya karkata: idan an gargaɗi mai shi, ya samu lokacin gyara bai gyara ba, to abin da bangon ya halaka yana wuyansa. A ƙarni na 14 wani magini ɗan Tunis, Ibn al-Rami, ya rubuta littafi sukutum a kan hukunce-hukuncen gini, har da bango da indararo da hanyar ruwa. Malaman nan ba su tsaya kan ko da me aka yi bangon ba. Abin da suka duba shi ne cutarwa, da gargaɗi, da wanda zai ɗauki alhaki. Kundin dokokin da Nijar ta gada daga Faransa ma haka ya ce: mai gini ne ke da alhakin ɓarnar da rushewarsa ta jawo idan rashin kula ne ko aibin gini. Amma da wuya a ji an kai irin wannan ƙara. Ana cewa ƙaddara ce, a yi ta'aziyya, a sake aza tubali a kan tsohon harsashi. Imani da ƙaddara bai taɓa ɗauke diyya daga kan mai sakaci ba, malamai kuma sun fi kowa sanin haka. Huɗuba ɗaya a watan Mayu a kan bangon da ya karkata za ta yi aikin da sanarwa goma ba su yi ba.

Tun watan Afrilun 2024 da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, shugabannin riƙo ne ke jan ragamar birane, da dama daga cikinsu jami'an tsaro. Suna iya yanke hukunci cikin mako guda a kan abin da a da yake ɗaukar shekara. Wannan dama ce, haɗari ne kuma, domin babu zaɓaɓɓen kansila da zai miƙe ya ce mutanen unguwarsa ba za su iya ba. Shi ya sa ya dace su nemi wannan muryar da kansu. Masu unguwanni na nan, sarakunan magina na nan a tsoffin garuruwa, injiniyoyi da masu zanen gini na nan, matan da suke yini a gindin katangar su ma suna da abin faɗi.

Ƙa'idar da za ta fito daga irin wannan zama ba ta buƙatar wuce shafi biyu, a kuma fassara ta da Hausa da Zabarmanci da Tamashek a karanta a rediyo. Ta ce kowace katanga, ta laka ce ko ta bulo, sai an yi mata harsashi da ƙafar da ba ta shan ruwa har zuwa wani tsayi da masana za su ƙayyade gwargwadon ƙasar kowane gari. Wannan shi ne wurin da siminti ko dutse ke da amfani na gaske, kuma layi uku ko huɗu na bulo a ƙasa abu ne da mai ƙaramin ƙarfi zai iya, sauran ya ƙarasa da tubali. Ta ce a yi wa kan katanga hula. Ta haɗa tsayi da kauri, yadda wanda ke son doguwar katanga saboda sutura zai san sai ya ƙara ginshiƙai. Ta wajabta barin mafitar ruwa, ta hana gitta katanga a kan hanyarsa komai girman mai ita. Ta hana cin titi, domin taku ɗaya da kowane gida ke ƙarawa shi ne ke mayar da layi lungun da motar ƴan kwana-kwana ba ta iya shiga. Masu buga bulo kuma a sa musu ma'auni, a dinga gwada abin da suke sayarwa.

Sai batun gargaɗi, wanda ba ya cin ko dala. Kafin ruwan farko, mai unguwa da magini da ma'aikacin hukuma su zagaya, su sa alama a duk katangar da ta karkata ko ƙafarta ta zaizaye, a sanar da mai ita a gaban shaidu. Wanda ke da hali a ba shi wa'adi. Gwauruwa da tsoho da marayu a haɗa musu gayya, ko a cire musu daga kuɗin da ake warewa na agajin ambaliya, tun da buhunan shinkafar da ake rabawa bayan rushewa su ma kuɗi ne. Gidajen haya na buƙatar kulawa ta musamman, domin mai gidan yana wata unguwa, wanda bangon zai faɗa wa kuma ba shi da ikon taɓa shi.

Zagayen kuma ya fara da katangun hukuma. Makarantu, asibitoci, tashoshin mota, maƙabartu da filayen gwamnati da aka kewaye aka manta su ne ke da katangu mafi tsawo a kowane gari, da yawansu an gina su ta hanyar kwangila, kuma a gindinsu ne masu talla da ɗalibai ke zama. Shugaban riƙon da ya aika a duba katangar makarantar firamaren da ke bayan ofishinsa, ya buga sakamakon a allon sanarwa, zai samu bakin yi wa mai gida magana a kan tasa.